Hanyar da Ta Ratsa Falo

Da rana tsaka aka kai Dawo-Gobe ya ga gidan, lokacin da kowa ya fake a inuwa, shi ya sa bai ga kowa ba. Dillali yana ta yabon rijiya da bishiyoyi da faɗin fili, shi kuwa kunne kawai ya kasa. Bai ji muryar ɗan Adam ba. Ya ce ya saya.

A wurin aiki ya samo sunan. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan wata 'yar taga a ofishin ajiyar takardu, inda mutane ke zuwa neman fayil. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya karɓar cin hanci. Yakan dubi mutum ta saman tabarau ya ce ya zauna, in rana ta yi nisa ya ce ya dawo gobe. Sunan ya bi shi har gida. 'Ya'yansa ma, in ba ya kusa, da shi suke kiransa. Da ya ajiye aiki burinsa ɗaya ne: ya sami wurin da ba za a ƙara leƙo shi a ce "don Allah, ranka ya daɗe" ba.

Tsohon gidan gona ne, dogo kamar taragon jirgin ƙasa. Iska ta tafi da rabin kwanon rufin, sauran rabin ya yi tsatsa. Gara ta ci katakon da za ta iya ci, ta bar na gaba ga 'ya'yanta. Jemagu sun kama ɗakin da silin ɗinsa bai faɗo ba. A kicin wata 'yar bishiya ta tsiro a daidai murhu, har ta fara ba da inuwa. Falo yana tsakiya, da ƙofa a gaba da ƙofa a baya suna kallon juna, babu ƙyaure ko ɗaya. Ya lura daɓen ya yi sumul, ya ɗan lotsa, daga wannan ƙofa zuwa waccan. Dillali ya ce aikin ruwan sama ne.

Matarsa tela ce. Da suka saki gidan haya na cikin gari ta ce ba za ta kwana a kango ba, za ta zauna wajen yayarta har ya gama gyara. Ta tafi da akwati ɗaya. Ba a daɗe ba ta aika aka kai mata keken ɗinkinta, kuma wannan ne ya tsaya masa a rai. Akwati ba komai ba ne, ko asibiti ana zuwa da akwati. Amma tun da ya aure ta ya san inda aka ajiye keken nan, nan ne gidanta. Bai gaya wa kowa ba. Ya sayi siminti.

Safiyarsa ta farko yana tsugune a falo yana dafa shayi a risho, sai ya ji sallama daga ƙofar baya. Kafin ya amsa wata mata ta shigo da bokitin madara a ka, ta kewaye rishon, ta ce, "Sannu da hutawa, Baba. An zo lafiya?" Ta fice ta ƙofar gaba. Bai gama juya cokali ba wani tsoho ya shigo riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar akwai saniya. Tsohon ya gaishe shi, saniyar ta shinshini buhun siminti, suka wuce. Sai mata masu tulu, sai wani mai babur wanda ya kashe injin a bakin ƙofa don ladabi, ya turo shi ta gaban shayin.

Birkilan da ya ɗauka aiki shi ma ta ƙofar baya ya ɓullo, da cokalin gini a hammata.

"Malam Birkila, mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Mutanen nan."

"Au. Hanya ce."

"Falona ne."

"Shi ma haka ne," in ji Birkila.

Ya ja shi waje ya nuna masa. Ƙauye yana bayan gidan. Titi da famfo da wurin tsayawar mota suna gaba. A hagu katangar dutse ce ta gonar maƙwabci, ta miƙe har ido ya gaji. A dama kwazazzabo ne mai zurfi, ƙasansa taɓo. Gidan ya zauna a tsakani kamar murfin kwalba.

"Mai gidan na da fa? Ya yarda da wannan?"

"Ya yi ta fama har ya rasu. Bayan nan aka sami sauƙi, da ƙofofin suka tafi."

"Wa ya tafi da su?"

"Ba a sani ba. Amma katako ne mai kyau, har yau bai lanƙwashe ba."

Suka fara da rufi. Dawo-Gobe bai ɗauki lebura ba, don lebura ƙarin baki ne, saboda haka shi ke miƙa kwano, shi ke kwaɓa siminti, shi ke tura baro. Hannun da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi fayil nauyi ba ya yi kanta. Suka sare bishiyar kicin. Suka yi wa jemagu hayaƙi, jemagun suka koma sito, daga baya suka bar sito ma. Suka kankare bango har suka kai ga bulo, suka sake filasta. Duk wannan a gaban jama'a. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya ɗaga kai ya ba da shawara. Tsohon mai saniya, wanda kowa ke kira Kawu har sa'anninsa, ya ce kwanon ya karkace. Mai Madara ta ce bai karkace ba, idon Kawu ne. Daga nan ta sauke bokiti a kan buhun siminti ta ba Birkila labarin rigimarta da matar ɗanta a kan wata kaza da ta ɓata. Birkila yana kan rufi, saboda haka da ƙarfi take magana.

Waya ba ta kamawa a ko'ina a gidan sai a saman tsanin da aka jingina da sito. Can Dawo-Gobe ke hawa bayan sun tashi daga aiki, ya riƙe tsani da hannu ɗaya, ya kira matarsa ya ba ta rahoto.

"An gama rufi. Saura silin."

"Madalla. Mutanen fa?"

"Suna nan. Yau ma wata ta zauna a kan simintina tana labarin kaza."

"Mai madarar? An ga kazar?"

"Me ya dame ni da kaza?"

"Tsaya tukuna. Ita matar, babba ce ko yarinya?"

"Ban tambaye ta shekarunta ba."

"Wane irin kaya take sawa? Ɗinkin ya zauna mata?"

"Ban duba ba."

"Kai dai ba ka duba komai, Baban yara. Tsohon fa, saniyar ta daina tari?"

Daga can nesa ya jiyo muryar yayarta tana cewa a gaya masa kada ya yi gaggawa, ɗakin ƙanwarta ma an yi masa sabon fenti.

"Kana ji na?" in ji matar. "Nan gidan Yaya get a kulle yake dare da rana. Ko kuda sai ya nemi izini."

Ya sauko daga tsanin da fahimtarsa. An nuna masa gidan da ake kira gida, mai get, mai kwaɗo. Kullum kuma sai an tambaye shi saniya da kaza, don dai a ji ko har yanzu yana zaune a bakin titi. Muddin saniya na ratsa falo, keken ba zai zo ba.

Ranar da suka zuba sabon daɓe a falo ya ɗaura igiya a kowace ƙofa, ya rataya jan tsumma. Mutane suka gane, suka riƙa bi ta gefen bango a kan bulo, ɗaya bayan ɗaya, suna yaba laushin aikin. Saniya ba ta gane ba. Ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar ta bi tsakiya kamar kullum, Kawu yana biye yana ba da haƙuri a madadinta. Kafin Birkila ya dawo daga cin abinci simintin ya kama. Sawun ya zauna daram daga ƙofa zuwa ƙofa.

"A fasa?" in ji Birkila.

"A bari. Za a sa kafet."

Ya sa kafinta ya yi masa ƙofofi biyu na katako mai kauri, kowace da sakata sama da ƙasa. Aka kafa su. Ya rufe, ya zura sakata, ya zauna a falo ya saurari shiru. Shirun bai kai ya sha shayi ba aka ƙwanƙwasa.

Ya buɗe don ya yi bayani. Mai Madara ce.

"Baiwar Allah, daga yau nan ba hanya..."

"Kai, Baba, har da buɗe mini ƙofa? Allah ya saka da alheri." Ta wuce ta gefensa, ta je ta zare sakatar gaba da kanta. "Wannan ƙyaure ya yi kyau. Sai dai sakatar tana so a sa mata mai."

Washegari ya ƙi buɗewa. Suka ƙwanƙwasa, suka yi sallama, suka sake ƙwanƙwasawa. Da suka ji shiru suka ce wataƙila yana wanka, suka zauna a dandamali a ƙarƙashin tagar ɗakinsa. Masu zuwa daga titi su ma suka zauna a nasu gefen. Can sai ɓangarorin biyu suka fara hira ta saman rufi. Mai Babur yana tambayar ko an ga ƙanensa a tasha, wani daga gaba yana amsawa. Ana dariya. Wani ya fara sayar da gyaɗa. Dawo-Gobe yana zaune a bakin gado, hannu a gwiwa, har ya gaji ya buɗe. Suka yi masa sannu da wanka.

Amma ya ga wani abu a ranar, kuma abu ne da ya sani fiye da kowa. Mutanen nan sun yi jira, ba su ji zafinsa ba, domin ba wanda ya ce su jira. Jiran da ke cin rai shi ne wanda aka sa ka, aka kuma ɗan sa maka rai.

Ya fara da kwazazzabo. A cikin tsohon katakon rufi akwai manya biyu da gara ta kasa. Shi da Birkila suka ja su suka shimfiɗa a inda bakin ya fi ƙunci, suka danne da duwatsu. Zagaye ne, sai an bi ta bayan sito an ratsa ciyawa, amma ana wucewa.

"Ba mai bi ta nan," in ji Birkila. "Ga hanya miƙaƙƙiya, ga inuwa."

"To."

Da safe ya buɗe ƙofofin biyu wangame. Ya sa benci a jikin bango. Ya sa tebur a tsakiyar falo, daidai kan sawun saniya, ya zauna a bayansa da riga mai guga da tabarau. Babu komai a kan teburin sai hannayensa.

Mai Madara ta shigo.

"Sannu da hutawa, Baba."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Wucewa za ki yi?"

"Eh mana."

"Zauna tukuna."

Ta zauna, don a yadda ya faɗa babu wurin gardama. Kawu ya zo, aka ce ya zauna, saniya ta jira a waje. Mai Babur ya zauna. Benci ya cika. Ba wanda ya yi hira, domin duk wanda ya buɗe baki sai Dawo-Gobe ya ɗago kai a hankali ya dube shi, ya mayar.

"Baba, me ake jira?" in ji Mai Babur.

"Ana dubawa."

"Me ake dubawa?"

"In an gama za a kira ka."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito, kowa ya gyara zama. Ya wuce su ya shiga kicin. Da ya dawo ya nuna wata mata da ta zo a ƙarshe ya ce ita ta wuce. Wannan ya fi komai ciwo, kuma ya sani.

"Madarata za ta lalace," in ji Mai Madara.

"Ba daga ni ba ne."

"To daga wa ne? Kai kaɗai ne a gidan!"

Ya duba agogo, ya girgiza kai kamar mai tausayi. "Yau kam an makara. Ku dawo gobe."

Bai hana kowa ba. Bai ɗaga murya ba. Wasu ya bar su suka wuce bayan sun gaji, wasu suka tashi da kansu. Gobe aka sake, jibi aka sake. Birkila yana kan tsani yana fentin silin, ya ce shi dai bai taɓa ganin mugunta mai tsabta irin wannan ba. Shi ma aka ce ya zauna, da ya sauko zai fita ta gaba.

A hankali ciyawar bayan sito ta kwanta, sawu ya fito. Benci ya riƙa raguwa. Kawu ne ya fi daɗewa, saboda saniyarsa na tsoron katako, amma ita ma ta koya. Wata safiya Dawo-Gobe ya zauna a bayan tebur har shayinsa ya huce, ba wanda ya shigo. Ya cire tabarau ya ninke.

Sauran aikin ya tafi da sauri, tunda ba mai ba da shawara. Aka sa gilashi a tagogi, aka ja ruwa zuwa kicin, aka shafa farin fenti ciki da waje. Ya shimfiɗa kafet a falo. Ya sa wa sakata mai. Ya sallami Birkila, wanda ya fita ta baya ya zagaya ta kwazazzabo ba tare da an ce masa ba. Sannan ya hau tsani.

"An gama. Ki zo ki gani."

"Zan biyo motar safe. Amma da ta yamma zan koma, Yaya ta ce gani kawai."

Ta sauka a titi da jakar hannu da wani ƙullin yadi a leda. Ba akwati. Ya karɓi ledar, ta karɓe abinta. Ya zagaya da ita ɗaki ɗaki. Ta buɗe famfo ta rufe. Ta ƙwanƙwasa bango. Ta duba hannunsa ta ce ya zama na mutane. A falo ta ɗaga gefen kafet da ƙafa, ta ga sawun, ta yi dariya har ta dafa bango.

"Saniyar ce wannan? Kai, ƙafafunta ƙanana ne ashe."

"Za a iya fasawa."

"Kada ka soma."

Ta zauna a benci tana fuskantar ƙofar baya, leda a cinya. Ya kawo mata shayi. Ta sha. Ta duba ƙofar. Iska ta kaɗa labule. Can wani tsuntsu ya yi kuka ya fasa.

"Yaushe suke wucewa?"

"Ba sa wucewa." Ya gyara tsayuwa. "Na yi maganinsu."

"Ka yi me?"

Ya ba ta labari, da benci da tebur da katako, bai rage komai ba. Rabon da ya yi magana mai tsawo haka tun ranar da aka yi masa walimar ajiye aiki. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi dariya ba.

"Wato ni da kai ke nan."

"Ni da ke."

"Daga safe har dare."

"Ba mai damun ki."

Ta ajiye kofin a ƙasa. "Baban yara, tun da na aure ka, maganar da kake yi a yini ba ta cika cokali. Ban taɓa ƙorafi ba, don a gari ina da masu kawo ɗinki, ina da maƙwabta, ina da mai kayan miya da muke faɗa kullum. Gidan Yaya na zauna kamar a cikin firji, daga ni sai ita sai talabijin. Kullum ina jiran wayarka in ji an ga kaza ko ba a gani ba. Yanzu ka kawo ni inda jemagu ma ka kore su. Da wa zan yi magana? Da famfo?"

"Na ɗauka..."

"Ka ɗauka. Ka tambaya?" Ta ɗaga ledar. "Wannan ragowar yadi ne, na ce zai yi wa mai madarar riga. Har tef ɗin awo na sako." Ta mayar da ita cinya. "Motar yamma a ina take tsayawa, nan inda na sauka?"

Ya ce eh. Sannan ya buɗe ƙofar gaba, ya buɗe ta baya, ya tokare kowace da bulo, ya fita.

A bakin kwazazzabo ya tsaya, inda sabuwar hanya ta rabu da tsohuwa. Bai taɓa gayyatar mutum ba a rayuwarsa, bai san ta inda ake farawa ba. Mai Madara ta taho daga ƙauye da madarar rana, wasu mata biyu na biye da ita.

"Baiwar Allah."

"Baba."

"Hanyar ciki a buɗe take."

"Allah sarki."

"Babu jira. An cire tebur."

"An gama dubawa ke nan?"

"An gama."

Ta gyara bokiti, ta ɗaga kai ta dubi rana, ta girgiza kai da irin tausayin da ta koya a wurinsa. "Yau kam ka makara, Baba. Dawo gobe."

Matan suka kwashe da dariya. Suka hau katako suka haye, har sun kai titi ana jiyo su.

Ya gwada Mai Babur, wanda ya ce yana sauri, ya kuma bi doguwar hanya. Ya gwada wani mai ɗauke da itace, wanda ya yi kamar bai ji ba. Rana ta fara karkata. Ta taga yana hango matarsa a kan benci, ba ta motsa ba.

Ya jira har ba kowa a kusa. Ya kawar da duwatsun. Ya kama katako na farko ya ja, ya ja, ƙugunsa ya yi ƙara, katakon ya biyo shi. Na biyu ya kusa tafiya da shi cikin taɓo. Ya jingina su da sito, ya dawo ya tsaya a inda suke a da, yana haki, rigar guga ta zama abin da ta zama.

Kawu ne ya fara isowa daga famfo, ya shayar da saniya za su koma gida. Ya tsaya a wancan bakin. Ya duba ƙasa, ya duba Dawo-Gobe.

"Ina gadar?"

"An ɗauke."

"Wa ya ɗauke?"

"Mai ita."

"Yaushe za a mayar?"

Amsar tana kan harshensa, a shirye, kamar yadda take tun yana saurayi. Ya haɗiye ta.

"Ba za a mayar ba, Kawu. Ga hanya can."

"To zan jira," in ji Kawu, ya nemi dutse ya zauna.

Masu dawowa daga titi suka riƙa taruwa a bayansa. Mai Madara ta iso da bokiti wayam, ta ga abin da ake ciki, ta kife bokitin ta zauna a kai. Ba wanda ya yi faɗa. Suka zuba masa ido kawai, shiru, hannu a gwiwa. Shi ya koya musu, kuma sun iya.

Saniyar ce ba ta halarci darasin ba. Ta daɗe tana kallon inda katako yake a da. Ta juya ta ga ƙofa a buɗe, ta ga hasken ɗaya ƙofar ta cikinta. Ta fizge igiya daga hannun Kawu ta nufi gidan ba gaggawa, igiya na jan ƙasa. Ta hau dandamali ta shige.

Daga ciki aka ji muryar mace. "Lale marhabin! Ke ce mai tarin? Tsaya, tsaya, bari in naɗe kafet."

Kawu ya tashi. "Ni dai saniyata zan ɗauko," ya gaya wa jama'a, don kada a ce ya sauka daga matsayinsa. Ya shiga. Bai fito ba. Aka jiyo ana tambayarsa me yake ba ta na tari, yana amsawa da tsawo.

Mai Madara ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Wace ce a ciki?"

"Matata," in ji Dawo-Gobe daga wancan bakin.

"Kana da mata? Kai?" Ta ɗauki bokiti. "Wannan sai na gan ta da idona. Baiwar Allah ta sha fama."

Sauran suka bi ta.

Da ya shiga ta ƙofar baya falon a cike yake. An naɗe kafet an jingina a kusurwa. Saniyar ta riga ta fita tana cin furen da ya shuka. Matarsa ta tsayar da Mai Madara a tsakiyar ɗaki, hannu a buɗe, tana auna kafaɗarta, fensir a baki.

"Kazar fa?" take tambaya ta gefen fensirin.

"Ai a ƙarƙashin gadon matar ɗana aka same ta, kwance a kan ƙwai. Kuma wallahi ta sani."

"Ta sani mana. Ɗaga hannu."

Daga titi motar yamma ta yi oda. Ta sake yi. Dawo-Gobe ya dubi matarsa. Ita tana duba tef.

"Baban yara," ta ce, ba ta juyo ba, "hau tsanin nan naka ka kira Yaya. Ka ce a sako mini keke a motar safe, da akwatin, da almakashin da ke kan firji. In ta fara magana ka ce waya ba ta kamawa."

Motar ta tashi.

"Kuma wannan ƙyauren na gaba, a cire shi a ɗora mini a kan bulo a nan. Faɗinsa daidai teburin yanka."

"Na bayan fa?"

"Ɗakinka ba labule kawai ka sa ba? Kai shi can. Ka shiga ka rufe, ba mai neman ka."

Keken ya iso washegari a ɗaure a saman mota. Birkila ne ya zo ya cire ƙofofin, ya kuma tambaya ko katakon nan biyu na jikin sito suna da aiki. Aka ce ba su da shi.

Yanzu in gari ya waye Dawo-Gobe yakan ɗauki shayinsa ya shiga ɗaki, ya tura ƙyaure, ya zura sakata sama da ƙasa. Ta cikin katakon yana jin ƙarar keke, da muryar matarsa, da ta Mai Madara, da takun kofato a kan siminti. Kafinta ya yi masa alkawarin ko ganga ake bugawa ba zai ji ba. Ƙarya ya yi, ana jin komai. Dawo-Gobe ya ce zai kira shi ya zo ya duba, in ya hau tsani. Har yau bai hau ba.